Dan Allah ya kuke yi Sallah ta wuce ba a yi fushi da kowa a gida ba?

Maman 'Yan Biyu (Jidda)

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da shan ruwa, Allah ya karɓi ibadunmu. Shawara nake nema dan Allah, musamman wajen iyayenmu mata da suka daɗe a ƙasar nan, amma maza ma ku sa baki tunda rabin matsalar daga wajenku take fitowa, ku yi haƙuri fa.

Ni a Jidda nake da maigidana da yara huɗu. Shi haifaffen Makka ne, mahaifiyarshi da yayyenshi mata da ƙannenshi duk suna can, ni kuma daga Kano aure ya kawo ni, nan ba ni da kowa sai yayata ɗaya da ke aure a Jidda ita ma. Abin da ke damuna shi ne duk shekara in Sallah ta matso maimakon in yi murna sai gabana ya dinga faɗuwa, dan na san ba za a gama ta ba sai an samu wanda ya kumbura.

Tun goman ƙarshe ake farawa. Baƙin Umara daga gida kowa ya kira wai ya iso a zo a gan shi, kowa da lissafin tsarabar da aka ba shi ya kawo min, wannan abaya wannan turare wannan dabino ajwa, ba kuma wanda ya haɗo da ko kwabo. Ga wayar barka da Sallah daga ɓangarena da nashi, in ya tura wa nashi bai tura wa nawa ba in ji haushi, in na yi magana yace ai ban san me iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, take ci ba. Ga kayan Sallar yara, mu shiga kasuwar Balad da daddare cikin cunkoso mu fito kowa rai a ɓace. Daren Sallah kuma mu kwashi yara mu tafi Makka gidan Hajiyarsu, kuma hutun nan na kwana huɗu da ake ba ma'aikatan kamfani a can muke cinye shi tas, shigga, wato fulat, ɗaki uku mutum ya fi ashirin, ni da matar ƙaninshi mu ke kicin tun asuba, yayyenshi suna falo suna shan shayi suna ta faɗin yarana basu iya gaisuwa ba. Yayata kuma tana nan tana jira, sai Sallah ta wuce muke zuwa mata, bara har tace min inaga na manta nono ɗaya muka sha.

Wlh ba ƙin danginshi nake ba, Hajiya mutuniyar kirki ce bata taɓa min ko kallon banza ba. Kawai so nake in san ya mutane suke tsara abin nan ba tare da an ce matar wane ta raba shi da 'yan'uwanshi ba. Wanda ya san hanya ya taimaka.

Goggon Rusaifa

Wa alaikumussalam 'yata. Ni a Makka aka haife ni, na yi zaman surukuta na gama yanzu ni ce surukar wasu, dan haka ɓangare biyun duk na zauna a kai.

Ranar farko kam ki cire ta daga lissafi, ta uwarshi ce, kar ki ɓata bakinki a kanta. Duk macen da ta ja da ranar Idi a gidan uwar miji ko ta ci nasara ta yi asara, shekara goma ana tuna mata. Abin da za ki nema shi ne sauran kwanakin, kuma lokacin nemansu yanzu ne da azumi bai yi nisa ba, bayan tarawi in ya ci ya ƙoshi ya huta, ba daren Sallah yana neman makullin mota ba. Kuma ba ke za ki faɗa wa Hajiya ba. Shi zai je ya zauna gabanta yace Hajiya bana in Allah ya kai mu kwana biyu za mu yi, rana ta uku za mu koma mu gaida yayar su wance tunda ita ma ba ta da kowa a ƙasar nan. Magana ɗaya ce amma in daga bakin ɗanta ta fito tsari ne, in daga bakinki ne tsiya ce. Haka ke ma abin da ya shafi danginki ke za ki tare, kar ki tura shi.

Maganar kicin kuma bari in gaya miki inda abin ya samo asali. Da can da muke Shara Mansur da kewayenta gidajen dangi a jere suke, kowace mace a gidanta take girki ta ɗauko kwanonta a haɗu a ci, da an gama kowa ya koma ɗakinshi ya miƙe ƙafa. Yanzu an yi rusau mutane sun watse, ku ma na Jidda kun ga naku a 2022 da aka kwashe su Sabil da Karantina da Kandara da Hindawiyya, wanda ke maƙwabtaka da uwarshi ya koma sai ya yi tafiyar rabin awa a mota. Al'adar taruwa tana nan amma gidajen da suke ɗaukar ta babu, sai nauyin ya faɗa kan gida ɗaya, a gidan kuma ya faɗa kan matan da aka auro. Yayyen mijinki ba lallai mugunta ba ce, a idonsu sun zo gidan uwarsu hutu ne, ba wanda ya taɓa ce musu ga naku aikin.

To a ce musu. Ni a gidana tun ana saura sati nake rabawa a group ɗin WhatsApp, da suna, 'ya'yana mata da matan 'ya'yana duk ɗaya. Karin safe na Idi irin na mutanen Hijaz ai ba ya son wuta, cuku ne da zaitun da halawa da burodin shuraik, dibyaza kuma, kayan zaƙin nan na busassun 'ya'yan itatuwa, kwana biyu uku kafin Sallah ake dafa ta a ajiye. Wance ta zo da waina da miyar taushe daga gidanta, wance ta zo da cincin da dubulan, abincin rana kuma maza su haɗa kuɗi a yo odar shinkafar mandi ko bukhari daga maɗbakh, wato gidan dafa abinci, amma a yi odar da wuri dan ranar Idi ba ki samun wanda zai saurare ki. Ki sa mijinki ya kai wa Hajiya wannan shawarar a matsayin shi ne ba ya son ta wahala da hayaniyar girki a gidanta, za ki ga ta karɓa hannu biyu, mu tsofaffi hayaniyar nan damunmu take kunya ce ke hana mu faɗa.

Sai abu ɗaya da mutane ba sa lura da shi, rashin barci. Wata guda an juya dare ya zama rana, goman ƙarshe ga tahajjud, daren Sallah ba wanda ke runtsawa ana guga ana lalle ana aski, sallar Idi kuma da rana ta fito da kamar kwata ake tayarwa, wanda zai yi a Harami tun kafin asuba ya tafi neman wuri. Mutumin da bai yi barci ba ko sannu kika ce mishi zai ji kamar zagi. Yawancin faɗan da na gani na Sallah tsakanin hantsi da azahar ake yin shi. Ni dai da an karya nake kashe fitila in ƙara mukayyif, wato AC, in ce kowa ya nemi wurin kwanciya, babu hira sai bayan la'asar. Yaran da ake cewa basu iya gaisuwa ba ma barci ne a idonsu.

Direban Hayyis Safa

Salam. Hajiya Goggo ta gama magana a ɓangaren gida, ni bari in taɓa na kuɗi tunda an ce rabin laifin namu ne, mun karɓa.

'Yar'uwa da maigidanki yace baki san me iƙama take ci ba, ba gatse ya yi miki ba, sai dai ya kamata ya zaunar da ke ya nuna miki a rubuce. Kuɗin da baƙo ke biyan gwamnati kan iyalinshi a 2017 aka fara shi da riyal 100 kan kowane mutum a wata, yana hawa har ya tsaya a 400 tun 2020. Ke da yara huɗu kai biyar kenan, riyal 2,000 duk wata, 24,000 a shekara, ba a yi maganar haya ba wadda ta tashi bayan rusau, ba makaranta, ba harajin kashi 15 da ke kan duk abin da ka saya a kanti. Mutanen gida kuma abin da suke yi kawai su ɗauki riyal su buga da Naira, tunda aka saki Naira a 2023 har riyal ɗaya ya taɓa haura Naira 400 suke ganin duk wanda ke Saudiyya kuɗi yake shara a bakin Harami. Ba za ka iya fahimtar da kowa ba, kuma in ka tsaya bayani ma cewa za a yi rowa ce.

Ni ga yadda nake yi. Da albashin da ya shigo kafin azumi ko farkonshi nake zama da uwargida mu ware abin da za mu iya, zakkar fidda kai farko tunda ita ce wajibi, shinkafa wajen kilo uku kan kowane kai, sannan kayan yara, sannan na gida. Na gidan nan kashi biyu ne, na iyayena da na iyayenta, ba dole su zo daidai ba amma dole ta san nawa ne kuma da hannunta take tura nasu. Abin da ke ƙona wa mata rai ba yawan kuɗin ba ne, ɓoyewar ce, ta ji a bakin ƙanwarka cewa ka tura kaza. Kuma sau ɗaya nake turawa, wajen mutum ɗaya, babban wanmu, tun tsakiyar azumi lokacin da kuɗin zai yi musu amfani a kasuwa. Duk wanda ya kira bayan nan nace na tura wajen Yaya ka same shi. Shekarar farko an yi ta surutu, yanzu kowa ya saba.

Kayan Sallah kuma dan Allah ku daina bari sai goman ƙarshe. Telolin jallabiya da yawa tun farkon azumi suke rufe karɓar ɗinki, kasuwa kuma bayan ashirin ga wata ba ta shiguwa, ni da nake kan titi na sani, tafiyar minti goma sai ta ci awa. A Sha'aban ake wannan. Bana ya wuce, amma baɗi ki gwada. Kuma a yi hankali da manhajojin nan na saya yanzu ka biya kashi huɗu, daɗi gare su ranar saye, sai Shawwal da Zulƙida su zo kana biyan takalmin da yaro ya riga ya yar da ƙafa ɗaya, ga Babbar Sallah ta taho da kuɗin layya.

Idiyyar yara, wato barka da Sallarsu, ka canzo sababbin 'yan biyar-biyar ka ba kowane yaro daidai da ɗan'uwanshi, ɗan wanka da ɗan ƙanwar matarka duk ɗaya. Yara suna ƙirgawa a gaban iyayensu mata, daga nan magana take tashi.

Baƙin Umara kuwa ni rana ɗaya nake warewa in shiga Makka in bi masaukansu in gaida kowa da ɗan dabinona, shikenan. Mai lissafin tsaraba in ce mishi madalla kawo kuɗin in raka ka kasuwa. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne ɗan'uwan da zai ce bari in ɗan zauna wajenku har aikin Hajji. Nan kam babu kunya babu kara. A 2025 tarar da aka sanar ga mai yin Hajji ba tasrihi, wato takardar izinin Hajji, tana kaiwa riyal 20,000, wanda kuma ya ba masu bizar ziyara masauki a Makka a lokacin ko ya ɗauke su a mota zai kai su, tashi tana iya kaiwa 100,000, ga kora daga ƙasa ga wanda ba ɗan ƙasa ba. Ka rasa iƙamarka da ta 'ya'yanka saboda kar a ce ka ƙi ɗan'uwa? Gara ya yi fushin, zai huce.

'Yar Autan Madina

Anti ni dai nawa ciwon daban ne, tambayoyi. Ke yaushe za a sha biki, wance ƙanwar bayanki har ta yi na biyu, kin yi ƙiba, kin rame, me ya sa yaranki ba sa jin Hausa sai Larabci. Wlh akwai shekarar da a banɗaki na yi rabin Sallah ina danna waya dan kar a gan ni. Yanzu amsa ɗaya na riƙe, Allah ya kawo lokacin Goggo ki sa mu a addu'a, in miƙe in ce bari in duba shayi. Ba wadda ke iya ja da addu'a. Ke ma in an ce yaranki basu iya gaisuwa ba ki ce ai shi ya sa muka kawo su wajen gwaggwanninsu su koya, ki yi dariya ki wuce.

Sannan status!! Dan Allah ku rage. Ki ɗora hoton sufra, wato shimfiɗar abinci, da gwal da sabuwar abaya a Snapchat da WhatsApp, bayan jiya kin gama ce wa 'yar baffanki a Kano babu hali, me kike so ta ɗauka? Ko gwal ɗin na aro ne ita bata sani ba. Ni na ware waɗanda ke ganin nawa, ba dan ina ƙinsu ba.

'Yar Maiurno a Jidda

Salamu alaikum. 'Yar'uwa na karanta naki na ce ikon Allah, ke kina kukan dangi sun yi yawa a ɗaki uku, mu kuma nema muke mu gansu wuri ɗaya. Ba gori nake miki ba wlh, damuwarki damuwa ce, kawai kowa da irin tashi.

Mu Hausawan Sudan ne, asalinmu Maiurno kusa da Sinnar, amma a Khartum na tashi. Yaƙin nan 15 ga Afrilu 2023 ya fara, ana cikin goman ƙarshe na azumi, mutane sun sayi kayan Sallah basu saka ba. Daga nan dangi suka watse, wasu Madani, da Madani ta faɗi a ƙarshen shekarar suka ƙara gaba Gadarif da Kasala da Port Sudan, wasu Masar, wasu suka zo mana nan da bizar ziyara. Dan haka ni gidana ne ake cika, kuma abin da na koya shi ne gida in ya cika da mutanen da ransu ke ƙuna, abu kaɗan ke tada wuta. Babban abin da ke haɗa mu faɗa hirar yaƙi ce, wane ya jawo, wane ya ci amana, wa ya kamata ya koma gida wa ya kamata ya jira, wa ya bar gidan gado aka kwashe kayan ciki. Maza su fara a hankali kafin ka ce me murya ta tashi, tsohuwa tana gefe tana kuka. Maigidana ya kafa doka, ranar Idi ba labarai a talabijin ba maganar siyasa a kan sufra, mai so ya sauka ƙasa wajen mota ya yi. Ku ma na Najeriya ina jin kuna da irin taku, siyasa da maganar gado da filin da aka sayar ba a gaya wa wane ba. Duk maganar da ta shekara tana jira za ta iya ƙara sati ɗaya.

A wajenmu in an sauko Idi kowa yana bin ɗan'uwanshi yana neman afuwa, a rungume juna a yafe, kuma gidan da aka yi rasuwa a shekarar shi ake fara zuwa. Ina son al'adar nan sosai, amma na ga masu ɓata ta, a zo neman yafiya sai a ce na yafe miki duk da abin da kika min ranar kaza, shikenan an tone. In za ki yafe ki yafe ki yi shiru.

Aikin kicin kuma mu abin da ya taimake mu shi ne khabiz, su ka'ak da biskit ɗin Sallah, taruwa muke mu yi tare a dararen ƙarshe kowa da tirenta, ana yi ana hira, wadda bata iya murzawa ba ta riƙe yara. Da safen Idi asida ce da mulah, tukunya ɗaya ta ishi kowa, da daddare maza su yi agashe da kansu tunda dai sana'ar kakanninsu ce. Mutum in da hannunshi a cikin abinci ba ya kushe shi, ki lura.

Inda ban yarda da Malam Direba ba shi ne turawa sau ɗaya a rufe. Ga wanda danginshi ke zaune lafiya a gidajensu eh, amma mu wani kiran ba na kayan Sallah ba ne, magani ne ko kuɗin mota a fitar da mutum daga wani gari, dole kana da ɗan abin da ka ɓoye gefe da za ka tura ta manhajar banki ta Bankak cikin dare. Ko ku ma ina ga gara a ware wani abu kaɗan na ba-zata, dan ranar da uwarki ta kira da kanta ba za ki ce mata ta je wajen Yaya ba.

Sai kiran waya, ku sa mishi lokaci. Sudan awa ɗaya muke gabansu, Najeriya da Nijar awa biyu, wata shekarar ma ba rana ɗaya ake Sallar ba tunda kowa da ganin watanshi. Iyaye dai a kira su da safe kafin a kwanta, sauran a bi su a hankali har kwana uku, ba wanda ya ce dole sai ranar farko.

Mai Baƙala

Ni fa ina ganin ana wahalar da kai ne kawai. Ku haɗa kuɗi ku kama istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, dare ɗaya a bayan gari, yara su yi wasa a fili su shiga ruwa, maza ɓangarensu mata ɓangarensu, kowa ya zo da abincinshi, asuba kowa ya kama gabanshi. Ba wanda aka cika wa gida ba wadda ta kwana wanke-wanke. Mu haka muke yi. Kuma Maman 'Yan Biyu ki riƙa tunawa tsohuwar nan sau nawa take ganin jikokinta a shekara, kwana huɗu ba yawa ba ne.

Direban Hayyis Safa

Mai Baƙala istiraha a daren Idi ka san kuɗinta kuwa? Ninkawa suke, kuma sai ka kama tun da wuri. Sannan wa zai tara kuɗin, nan ma wata rigimar ce, mai yara bakwai yace a raba gida-gida, mai yaro ɗaya yace a raba kai-kai, wani yace zai turo gobe har yau gobe bata yi ba. In za a yi a bari sai rana ta uku ko ta huɗu ta fi sauƙi, kuma kuɗi su shigo hannu kafin a kama. A sa ido kan yara wajen ruwan nan kuma dan Allah. Hajiya 'Yar Maiurno maganarki gaskiya ce na karɓa, Allah ya kawo muku zaman lafiya ya maida kowa gidanshi.

Maman 'Yan Biyu (Jidda)

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. 'Yar Maiurno wlh kin sa jikina ya yi sanyi, Allah ya yaye muku. Mai Baƙala kai ma na ji, amma ka zo ka tsaya a kicin ɗin kwana huɗun sai mu yi maganar ko da yawa ko ba yawa.

Goggo na bi shawararki jiya bayan tarawi. Maganar kuɗi ta fi sauƙi fiye da yadda na zata, ya buɗe waya ya nuna min abin da ya biya na sabunta iƙamarmu, ni kaina na yi shiru, mun ware na Kano kuma ni zan tura da kaina. Maganar kwana biyu ce ya ɗan yi ta jan ƙafa, wai Hajiya za ta ji ba daɗi, wai me yayyenshi za su ce, daga ƙarshe dai yace zai gaya mata ranar Juma'a in ya je shan ruwa, sai dai in da hali ni da yara mu dawo a jirgin ƙasan Haramain rana ta uku tunda daga tashar Rusaifa zuwa Sulaimaniyya bai fi rabin awa da ɗan kai ba, shi ya ƙara kwana ɗaya ya taho da mota. Ni hakan ma ya min, in dai an samu tikiti, yau zan duba. Rabon girki kuma yace shi ba zai shiga maganar mata ba, sai na kira matar ƙaninshi muka shirya ita za ta fara jefa maganar a group tunda ita 'yar Makka ce sun fi jin nauyinta.

Yanzu saura abu ɗaya, ni na ɗauki dibyaza dan in nuna da gaske nake, kuma ban taɓa dafawa ba ci kawai na iya. Goggo ya ake yi, kar in je in ji kunya gaban yayyen miji.

Goggon Rusaifa

Ba wuya 'yata. Ki jiƙa ƙamaruddin, wato faifan busasshen ɗan itacen mishmish, tun dare har ya narke, ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan da sukari kina juyawa har ya yi kauri, kar ki matsa daga wajen dan yana kamu. Gefe ki soya su loz da kaju da fustuƙ a man shanu sama-sama su yi ja kar su ƙone, ki zuba da busasshen mishmish da ɓaure da zabibi da busasshen dabino, ki bar shi ya ɗan ƙara dahuwa. In ya huce ki juye a mazubi mai murfi ki sa a firij, ranar ashirin da bakwai ko da takwas ki yi, kwanan da yake yi ma ƙara mishi daɗi yake. Sukarin ki sa da sauƙi tunda Hajiyarku ta manyanta. Kuma ko ya yi daɗi ko bai yi ba babbar yayar sai tace na uwarsu ya fi, ki ce ai dama wajenta kike son koya. Tikitin jirgin kuma yau ɗin ki saya kar ki ce gobe, na kwanakin Idi ba sa jira.